Na'ura za ta iya dawo da wasannin talabijin da suka ɓace?

Wani matashi mai rubuta labarin shiri mai dogon zango ya aiko mini da tambaya biyu a ƙunshi ɗaya. Ya ce mahaifinsa ba ya gajiya da ba shi labarin wasannin kwaikwayon talabijin na shekarun 1970 da 1980, irin su Samanja da Karkuzu, amma da ya shiga YouTube nema sai guntaye ya tarar, hoto dishi-dishi, sauti na shashshaka. Yana so ya san ko ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, za ta iya dawo da waɗannan shirye-shirye. Sannan ya ce shi kansa ya fara ba manhajar aikin tsara masa labari, kuma abin ya fara ba shi tsoro, kada wata rana ya wayi gari ba ya iya ƙago komai da kansa.

To ɗana, na yi shekaru masu yawa tsakanin ɗakin tace hoto da ɗakin ajiyar kaset na wani gidan talabijin, don haka ta ɓangaren kaset zan faro maka, domin a nan ne amsar tambayoyinka biyun take kwance.

Yawancin shirye-shiryen da ake cewa sun ɓace, da hannu aka goge su, kuma wanda ya goge su bai ɗauka yana wani laifi ba. Kaset ɗin bidiyo na farko da gidajen talabijin suka yi aiki da shi, wanda kamfanin Ampex ya fitar a 1956, faɗin zarensa inci biyu ne, ɗaukarsa sai da hannu biyu, ga ɗan karen tsada. Daga baya Sony ta kawo U-matic a 1971, sai Betacam a 1982, to amma ko su ɗin da kuɗin waje ake sayo su, kuma ba kullum ake samu ba. A idon shugabannin gida, kaset kamar allon makarantar allo yake: an rubuta, an biya, sai a wanke a sake rubutu. An nuna wasa ranar Asabar da dare, jama'a sun yi dariya, aikinsa ya ƙare. Ranar Litinin gwamna zai fita rangadi, mai kyamara ya zo yana neman kaset, babu sabo a sito, sai ka miƙa hannu kan kanta ka zaro wanda ya fi kusa.

Ni kaina na yi haka, ba sau ɗaya ba. Na tuna wata rana, shekaru bayan na bar wannan ɗabi'a, na ɗauko wani U-matic da aka rubuta sunan wani wasa a gefensa da jan biro, har da lambar kashi. Raina ya yi fari. Na saka shi a na'ura, sai ga bikin ƙaddamar da rijiyar burtsatse, jawabi bayan jawabi, minti arba'in. Can da jawabin ya ƙare, hoto ya ɗan yi rawa, sai ga wutsiyar wasan ta fito daga ƙarƙashi, bai fi minti ɗaya da rabi ba: wani dattijo a zaune kan tabarma yana ɗaure rawani yana yi wa matarsa masifa kan an ba akuya ragowar tuwonsa, ita kuma tana daga bayan labule tana mayar masa. Sai sunayen ma'aikata suka hau. Abin da ya rage ke nan na aikin mutum goma sha na mako guda.

Kada ka ɗauka wannan sakacinmu ne mu kaɗai. BBC da kanta ta goge dubban shirye-shiryenta tsakanin shekarun 1960 da 1970, sai a 1978 ta tsayar da tsarin adana su. Dalilansu ba su da nisa da namu: tsadar kaset, ƙarancin wurin ajiya, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa da ta taƙaita maimaita shiri, sannan da talabijin mai kala ta shigo aka ga baƙi da fari ya zama tsohon yayi. Hatta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fito a 2009 ta ce bisa dukkan alamu an goge asalin kaset ɗin da suka ɗauki saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969, an sake amfani da su.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai wannan sana'a a Arewa ya sani. Shirin Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa a Nuwamban 1963, yana cikin waɗanda gogewar ta yi wa illa, har yau akwai kashi sama da 90 nasa da ba a san inda suke ba. A wancan zamani BBC kan kwafe shirye-shiryenta a zaren fim mai milimita 16 ta sayar wa tashoshin ƙasashen waje, wannan tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba, in an gama zagaye a mayar ko a lalata. A Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim na shirin a kan kanta a wata tashar talabijin da ke Jos. Tara daga cikinsu kashi ne da aka fid da rai da su, na shekarun 1967 da 1968. Wato abin da Landan ta zubar, Jos ta riƙe shi shekaru masu yawa, don kawai ba wanda ya tuna ya jefar. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ce, in har kayan Ingila sun kwana lafiya a ɗakin ajiyarmu, to namu nawa ne ke kwance a irin waɗannan ɗakuna ba wanda ya leƙa?

Sai dai zaren fim ya fi kaset ɗin bidiyo juriya nesa ba kusa ba. Kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. In ya daɗe a wuri mai laima, danƙon ya sha ruwa ya saki, sai zaren ya riƙa mannewa. Kana saka shi a na'ura za ka ji yana ƙara ƙiii, hoto ya fara tsalle, ka buɗe ka tarar garin ya dasƙare a kan na'urar kamar kwalli. Abin da ya goge a nan kuwa hoton ne da kansa, ya tafi ke nan. Masu gyara sukan gasa irin wannan kaset a wata tanda ta musamman da zafi kaɗan, wajen digiri 50, na sa'o'i masu yawa, danƙon ya sake kamawa na ɗan lokaci a samu a kwafe. Ga fumfuna da ke fitowa fari-fari a gefen zare bayan damina, ga ƙurar hunturu. Babbar matsalar ma ita ce na'urorin da ke karanta kaset ɗin sun daina fitowa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya tsaya a 2016. Masu gyaran U-matic kuwa, a tsakaninmu sai dai ka ji ana Allah ya jiƙan wane.

To a ina ƙirƙirarriyar basira ke shigowa? Inda akwai ragowar abu, tana da amfani ƙwarai, kuma ba na cikin masu kushe ta a nan. Tana iya cire shashshakar sauti, ta raba muryar mutum da ƙarar janareto, ta daidaita hoton da ke rawa, ta share ɗigo-ɗigon da ke yawo a fuskar allo. Da irin wannan fasaha ce aka zare muryar mawaƙin Ingila John Lennon daga wani tsohon kaset da ya ɗauka a gida, inda ƙarar fiyano ta danne ta, har tsohuwar ƙungiyarsa ta mawaƙa, Beatles, ta fitar da waƙar a 2023, shekara 43 bayan mutuwarsa. Muryarsa ce ta gaske, tana cikin kaset ɗin tun asali, tsamo ta kawai aka yi. Aikin da a da zan kwana uku ina yi a kan minti biyar na sauti, yanzu kafin in gama shan shayi an gama.

Matsalar tana farawa ne daga inda aka ce ta ƙara wa hoto kyau. Tsohon kaset ba shi da bayanin da allon zamani ke buƙata, don haka manhajar cike gurbi take yi da hasashe, hasashen kuma daga miliyoyin hotunan da aka horar da ita da su take ɗebo shi. A 2020 an gwada wata irin wannan manhaja da hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ta fito da fuskar farar fata tas. Ni ma na ga irin wannan da idona. Wancan guntun na dattijo mai rawani, wani yaro ɗan'uwana ya ce in ba shi ya gyara mini. Ya dawo da shi fes, kai ka ce jiya aka ɗauka. Sai dai dattijon yana da tsage uku-uku a kumatu, manhajar ta ɗauka karcewar fim ce ta share su. Yana da giɓi a gaba, ta jera masa haƙora farare. Aikin da ke wuyan rigarsa, wanda ko a dushe ka san aska ce, ta mayar da shi wani zane da ban taɓa gani a jikin riga ba. Na san mutumin, mun ci abinci a kwano ɗaya, wannan da ke kan allo ban san shi ba. Yaron kuwa sai murna yake, yana cewa Baba ka ga yadda ya fito?

Wannan fa inda akwai hoton ke nan. Inda aka goge kaset ɗungurungum, babu abin da za a dawo da shi, sai dai a ƙera wani sabo a laƙaba masa tsohon suna. Masoya Doctor Who sun fi kowa sa'a a nan, domin tun a shekarun 1960 wasu daga cikinsu kan kanga rakoda a bakin talabijin su naɗi sauti, shi ya sa duk kashin da ya ɓace akwai muryoyinsa. BBC ta ɗora zanen katun a kan wasu, ta kuma faɗa wa kowa cewa zane ne. Wasu masoya kuma sun ɗauki tsayayyun hotuna sun sa manhaja ta motsa su, kuma abin ya jawo musu gardama mai zafi a tsakaninsu. Mu da ba mu da sautin, ba mu da hotunan, ba mu da rubutaccen labarin, da me za a fara? Za a iya ciyar da manhaja guntayen muryar marigayi Usman Baba Pategi, mai fitowa a matsayin Samanja, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, ta fito da wani Samanja yana magana. Zai yi kama da shi, har mahaifinka ya yi ƙwalla. Amma duk kalmar da zai furta ba tasa ba ce, bai san da ita ba, iyalinsa ba su ba da izini ba. Abin da ya fi damuna shi ne nan da shekara goma jabun zai fi na gaske yawa a intanet, ya fi shi kyan gani, sai yaran da ke tasowa su ɗauka shi ne asali. Kuma ranar da hukuma ta ga ana iya ƙera tsohon shiri a kwamfuta da araha, ranar ce za ta daina sauraron mai roƙon kuɗin kwafe kaset.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farkon nauyi.

Akwai wani bincike da mujallar Science Advances ta buga a Yulin 2024, na wasu malamai biyu a Ingila, Anil Doshi da Oliver Hauser. Sun sa mutum kusan 300 kowa ya rubuta gajeren labari mai jimla takwas. Wasu su kaɗai suka rubuta, wasu an ba su damar karɓar shawara daga manhaja. Da aka ba masu karatu su auna, labaran da aka yi da taimakon manhaja sun fi samun yabo, musamman na waɗanda dama ba su da ƙarfin ƙirƙira sosai. Gwanayen kuwa ba ta ƙara musu wani abin kirki ba. Amma da aka jera labaran gaba ɗaya, sai aka ga waɗanda manhaja ta sa wa hannu sun fi kama da juna. Kowa ya ɗan ɗaga, amma duk sun taru a wuri ɗaya. In ka ga haka a marubuta 300, ka auna yadda za ta kasance in duk masu rubuta shiri mai dogon zango a Kano da Kaduna da Jos rijiya ɗaya suke ɗiba.

Dalilin a fili yake. Manhajar tana duba abin da aka fi faɗa ne ta ba ka shi. In ka ce ta tsara maka rikicin gida, za ta ba ka wanda ya fi yawa a abin da ta karanta, kuma abin da ta karanta galibinsa Turanci ne, daga ƙasashen da suka adana kayansu suka zuba a intanet. Shi ya sa za ka ga ta sa ɗa ya tsaya gaban mahaifinsa yana zayyana masa yadda yake ji a zuciya, ko mata da miji su zauna su warware matsala su biyu ba waliyyi ba gwaggo. Kalmomin na Hausa ne, amma gidan ba namu ba ne. A nan ne tambayoyinka biyu suka haɗu: kaset ɗin da muka goge ba ya cikin abin da ta koya. Ba ta taɓa jin dattijon nan yana masifa kan tuwonsa ba.

Ɗauki Samanja ɗin da mahaifinka ke so. Pategi tsohon soja ne, kuma abin da ya riƙe shirin shi ne harshen bariki: Hausa ce ta mutanen da ba a cikinta aka haife su ba, an cakuɗa ta da Turancin buroka da umarnin fareti, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, kuma a cikin wannan karyayyar Hausar dariyar take. Wanda bai zauna a bariki ba ba zai iya ƙago ta ba. Ka ba manhaja irin wannan magana, abu na farko da za ta yi shi ne ta gyara maka nahawu. Haka abin yake ga duk wani abu da ya kauce wa tsaka-tsaki, karin harshen Sakkwato, habaicin kishiyoyi, wasan Bafillace da Babarbare, wasan jika da kaka. Wani binciken da mujallar Nature ta buga a wannan watan dai na Yulin 2024 ya nuna cewa in aka yi ta horar da manhaja da abin da manhaja ta rubuta, zubi bayan zubi, abubuwan da ba su cika faruwa ba su ne ke fara ɓacewa, har a ƙarshe ta koma maimaita abu ƙalilan. Mu kuwa a idon intanet gaba ɗayanmu muna cikin abubuwan da ba su cika faruwa ba.

Ba ina ce maka duk wasannin da gwanaye ne ba. Da yawansu ja ne kawai, fitowa ɗaya a yi minti goma ana gaisuwa, makirufo na leƙowa daga sama, wani lokacin ma wasan wa'azin gwamnati ne kan taki ko rigakafi aka yafa masa riga. Mahaifinka masu daɗin yake tunawa, haka ƙwaƙwalwa take. Amma yadda ake yin su akwai darasi. Sau da yawa babu cikakken rubutu. Furodusa zai tara 'yan wasa a gindin bishiya ya ce kai ka ci bashi, kai kuma ka zo karɓa, ke kuma ki ɓoye shi ki ce ya yi tafiya, ga inda nake so a ƙare. Sauran daga bakinsu yake fitowa, daga abin da suka jiyo a kasuwa da tasha da wajen suna. Kaset ɗaya ne, ba damar a yi ta maimaitawa, don haka kowa ya zo a shirye. Rashin kayan aiki ya tilasta musu sauraron mutane. Tsoron da nake ji maka shi ne manhajar za ta ɗauke maka wannan tilas ɗin. Daren da labari ya cije maka, wanda a da zai kore ka daga ɗaki ka je majalisa ko teburin mai shayi ka kasa kunne, yanzu cikin daƙiƙa biyar an ba ka mafita guda goma, duk masu kyau daidai gwargwado, ba ko ɗaya da zai sa wani ya tuna da kai bayan shekara arba'in.

Akwai kuma ɓangaren abinci. Marubutan fim na Amurka sun yi yajin aikin kwana 148 a 2023, kuma cikin abin da suka samu akwai sharaɗin cewa kamfani ba zai tilasta wa marubuci amfani da manhaja ba, ba kuma za a ɗauki abin da ta rubuta a matsayin asalin labari don a rage masa haƙƙi ba. 'Yan wasansu ma sun yi nasu yajin na kwana 118 a shekarar, suka samu cewa sai da izininsu da biyansu za a kwaikwayi siffarsu a kwamfuta. Kai da furodusa ke biya bisa kashi, ka fara tunanin ranar da zai ce maka ga labari na'ura ta rubuta, ɗan gyara kawai za ka yi, ga rabin kuɗi.

In ka tambaye ni yadda za ka yi aiki da ita, ni dai ga abin da nake gaya wa yaran da ke zuwa wajena. Ka rubuta zubin farko da hannunka, komai muninsa, kafin ka buɗe ta. Bayan nan ka sa ta aikin ɗan aike: ta lissafa maka fitowa nawa kowane jarumi ya yi, ta tuna maka cewa wanda ka kashe a kashi na huɗu ya dawo a na tara, ta tsara maka jadawalin ɗauka, ta yi maka zubin farko na fassarar da ake sawa a ƙasan allo kai kuma ka bi ka gyara. Akwai wata dabara da nake so: ka tambaye ta yadda fitowa za ta ƙare, duk abin da ta ba ka ka san shi ne abin da mai kallo ya riga ya hango, sai ka bi wata hanyar.

Game da mahaifinka kuma, ka tambaye shi ko yana da tsofaffin kaset ɗin VHS a akwati ko a saman sif. Mutane da yawa sun naɗi shirye-shirye daga talabijin a shekarun 1980, wani lokacin a wutsiyar kaset ɗin biki, kuma irin waɗannan ne ke fitowa a YouTube. In ka samu, kada ka saka shi a bidiyon da ya shekara ashirin ba a kunna ba, zai tauna zaren. Ka duba ta tagar kaset ɗin, in ka ga fari-fari kamar gari to fumfuna ce, ka ware shi daga sauran. Ka ajiye su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai sanyi marar laima, nesa da lasifika domin maganaɗisun da ke cikinta. In an kwafe, ka adana kwafin farko yadda ya fito da duk dishi-dishinsa, gyaran manhaja a yi shi a kan kwafi na biyu, a kuma rubuta a jikinsa cewa an gyara. Ana dacewa: fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Sannan ran da ya sake ɗauko maka labarin Samanja, ka ajiye wayarka a gefensa ka danna naɗi. Ka tambaye shi a gidan wa suke kallo, su nawa a tsakar gida, wa ke riƙe eriya in hoto ya gudu, wace magana ce yara suka yi ta maimaitawa a makaranta washegari. Ka bar shi ya kwaikwayi muryar, ko da bai iya ba.